Aron Littafi da Abin da Ya Haifar a Ƙasar Hausa

A cikin malaman da suka yi zamani a birnin Timbuktu a ƙarni na 16 akwai wani Bawangare mai suna Muhammadu Bagayogo, wanda almajirinsa Shaihu Ahmad Baba ya rubuta tarihinsa; abin da kuwa ya fi tsaya wa mai karanta wannan tarihi a rai, bayan ambaton zurfin malamin a fiƙihu da haƙurinsa wajen karantar da mai nauyin fahimta, shi ne halinsa game da littattafai. Ahmad Baba ya ba da shaida cewa malaminsa yakan ba da aron mafi tsada da wuyar samu daga cikin littattafansa, ba ya kuwa aikawa a karɓo, har ma akan sami ɗalibi ya tsaya a ƙofar gida ya ambaci littafin da yake bukata, a miƙo masa, alhali mai littafin bai san ko ɗan wane ne ba. Wanda ya tuna cewa a wannan zamani kowane littafi da hannu ake rubuta shi, harafi bayan harafi, cikin watanni, a kan takardar da raƙuma suka ƙetaro hamada da ita, zai gane cewa ba ƙaramar dukiya wannan bawan Allah yake sakin wa baƙi ba. Shi kansa Ahmad Baba, wanda mayaƙan Maroko suka tafi da shi Marrakish a 1594, ya ce littattafansa da aka wawashe sun kai 1,600, kuma shi ne mafi ƙarancin littattafai a cikin danginsa.

Dalilin da ya sa na fara da wannan labari, ko da yake ba a ƙasar Hausa ya faru ba, shi ne Timbuktu da Kano da Katsina a wancan lokaci tsatso ɗaya suke sha a fagen ilimi, malamai suna kai da kawowa a tsakaninsu, kuma al'adar da Bagayogo ya kai ta matuƙa ita ce ainihin al'adar da ta raya karatu a wurinmu. Gama idan aka bi diddigi za a tarar littafi bai yawaita zuwa hannun Bahaushe ta hanyar kanti ko ɗakin karatu na hukuma ba. Ya zo ne daga hannun wani mutum wanda ya karanta, abin ya ratsa shi, ya kasa riƙe daɗin shi kaɗai, ya ce wa ɗan'uwansa ungo ka duba. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, ya kuma ambaci cewa a zamanin Sarki Yakubu wasu Fulani sun zo daga Mali da littattafan tauhidi da lugga, waɗanda kafin nan ba a da su a birnin. Kwafi nawa matafiyi zai iya ɗaukowa a cikin kayansa? Ɗaya ne, ko biyu. Amma daga wannan ɗaya aka yi ta ara ana kwafa, har littafin ya kai Zazzau da Gobir da Damagaram, kamar yadda mace takan ɗebo garwashi a murhun maƙwabciyarta ta hura nata, wutar maƙwabciya kuwa ba ta ragu da kome ba.

Wanda ya taɓa zama a makarantar zaure, inda ake ɗaukar karatun ilimi bayan an sauke Alƙur'ani, ya san yadda abin yake. Ɗalibi yakan fara da Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala, in Allah ya yi masa nisan kwana da naci ya kai ga Muhtasar. Ta fuskar lugga kuma ya bi ta Ishriniya da Burda har zuwa Muƙamatul Hariri da waƙoƙin jahiliyya. Kafin injin ɗab'i ya sauƙaƙa al'amari, ba kowane ɗalibi yake da halin mallakar waɗannan ba, sai dai ya ari na malaminsa ko na wanda ya riga shi, ya zauna da alƙalami da tawada ya kwafe abinsa. Littattafan ma ba a ɗinke su, warƙoƙi ne a sake, ana tara su tsakanin bango biyu a zura a gafaka, a ƙarƙashin kowace warƙa kuma an rubuta kalmar farko ta wadda ke bi mata don kada su rikice; saboda haka littafi ɗaya yana iya rarrabuwa a hannun mutum uku ko huɗu a dare guda. Ina ganin akwai wata fa'ida a cikin wannan wahala wadda mu 'yan zamani muka yi hasararta, watau wanda ya kwafi littafi da hannunsa bai tsallake ko kalma ɗaya ba, kuma a hashiya yakan tarar da fassarar ajami da taƙaitaccen sharhin waɗanda suka riƙe littafin kafin shi, sai ya zama ba shi kaɗai yake karatu ba, yana cikin majalisin mutanen da bai taɓa gani ba.

Shugabannin jihadi kuwa, Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, sha'aninsu da littafi sananne ne, har lokacin hijira zuwa Gudu a 1804 littattafai na cikin kayan da aka ɗora wa raƙuma. Akwai wani ɗan labari da nake so a cikin tarihin Sarkin Musulmi Bello. Yayin da Kyaftin Kilafaton, Baturen Birtaniya, ya komo Sakkwato karo na biyu a 1826, ya zo masa da tsarabar littattafan Larabci, a cikinsu har da na Uƙlidisu, Bayunanen nan mai ilimin handasa, Bello kuwa ya yi murna da shi ƙwarai, ya shaida wa baƙon cewa da ma suna da kwafinsa wanda aka kawo daga Makka, gobara ce ta cinye shi. Mutum ne mai fama da yaƙi da shari'a da mulkin daula, amma yana jimamin rashin littafin lissafin zane! 'Yar'uwarsa Nana Asma'u ita ma ta ga cewa matan ƙauye ba za su iya zuwa inda littafi yake ba, sai ta mayar da ilimin waƙa da Hausa da Fulatanci, ta naɗa jajis, watau mata jagorori, su zo su ɗauka, su koma su biya wa ɗalibansu, 'yan taru. Wannan ma aro ne, sai dai a ka ake ɗaukarsa.

Amma misalin da ya fi kusa da mu, wanda kuma ya fi nuna abin da aron littafi yake iya yi wa mutum guda, shi ne na Alhaji Abubakar Imam. An haife shi a Kagara a 1911, yana kuwa koyarwa a Midil ta Katsina sa'ad da Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai a 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na shi Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo. Duk wanda ya san Muƙamatul Hariri, in ya karanta a cikin Ruwan Bagaja yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suke ta gamuwa a gari bayan gari, kowa na shirya wa ɗan'uwansa makirci, zai gane inda saurayin marubucin ya yi kiwo. East ya ga alamar baiwa, sai ya nemi a ba shi aron Imam zuwa Zariya a 1936, ya tara masa littattafai na Larabawa da na Turawa da na mutanen Hindu, ya ajiye a gabansa, ya ce ya karanta. Cikin wata shida na karatu da rubutu da tattaunawa tsakanin mutanen biyu aka sami Magana Jari Ce, wanda ya fito littafi uku tsakanin 1937 da 1939.

To, ga abin lura. Akun da yake ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labari dare bayan dare, don ya hana shi fita ya faɗa tarkon Waziri, asalinsa daga wata tsohuwar hikayar ƙasar Hindu yake. Wasu labaran daga Alfu Laila aka ɗebo su, wasu daga tatsuniyoyin Jamus. Labarin Kalala da Kalalatu, wanda yaran makaranta suka yi shekara da shekaru suna dariyarsa, a wurin Jamusawa labarin wata kuku ce da ta cinye kajin da aka tanadar wa baƙo, sa'an nan ta haɗa baƙon da maigidanta da ƙarya. Amma wane Bahaushe ne ya taɓa karanta shi ya ji ƙanshin baƙunci? Imam ya karanta na wasu, ya narkar da shi a cikin abin da ya sani na fada da kasuwa da zaure, ya fito da abin da ya zama ma'aunin daddaɗar Hausa har yau. Wasu masu nazari sukan yi masa gorin aro, ni kuwa a ganina nan ne girmansa yake, domin littattafan da East ya ajiye masa suna nan a ɗakunan karatu da yawa, mutane dubbai sun karanta su, ba su kuwa haifar da kome ba.

Daga nan za a iya fahimtar abin da ake nufi in an ce karatu yana gina mutum, maganar da aka faɗa har ta gaji, ba a cika kuwa bayyana yadda ginin yake aukuwa ba. Ɗan Adam a rayuwarsa gari nawa zai zauna, mutum nawa zai sani sani na haƙiƙa, masifa iri nawa za ta same shi har ya koyi darasinta? Kaɗan ne ƙwarai, kuma galibi darasin yakan zo bayan an riga an yi hasara. Littafi shi ne yake ba shi damar ya zauna cikin zuciyar wani na ɗan lokaci ba tare da ya biya diyyar da wancan ya biya ba. Yaron da ya karanta Shaihu Umar, ya bi uwar nan da ta bar gida ta shiga hamada neman ɗanta da aka sace, ta faɗa bauta, ba ta gan shi ba sai ajali ya kusa, ya san wani abu game da cinikin bayi wanda jadawalin shekaru a darasin tarihi ba zai sanar da shi ba, kuma da wuya ya girma yana wasa da zafin rabuwar uwa da ɗa. Haka kuma mai yawan muɗala'a yakan saba da jin hujjar da ba tasa ba har ƙarshenta kafin ya yanke hukunci, gama littafi ba a katse shi da tsawa. Wannan haƙurin sauraro kuwa, in ya zauna a ɗabi'a, yana bin mutum har cikin gidansa da wurin sana'arsa. Ga kuma harshe: wanda bai da kalmar da zai faɗi abin da ke damunsa, sau da yawa hannu yakan riga bakinsa.

Sai dai karatun kaɗaici rabin karatu ne, shi ya sa malamanmu ba su raba muɗala'a da muzakara ba. Mutum yakan rufe littafi yana zaton ya gane, sai ya zo bayyana wa abokinsa ya ga ashe fahimtar tasa da rami a tsakiya. Ko kuwa abokin ya nuna masa wata fuska da shi bai ko hango ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Imam a kujerar edita, kwafi ɗaya yakan zaga unguwa, mai ilimin boko ya karanta da ƙarfi a dandali, sauran su saurara su yi ta muhawara. A Bauci kuma, wajen 1943, 'yan boko suka kafa majalisar tattaunawa inda irin su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suke haɗuwa suna tankaɗe da rairayar al'amuran mulkin En'e. Mutanen nan uku ba su tafi a kan ra'ayi ɗaya ba daga baya, kowa ya san haka, amma dukansu sun fito daga wannan zama da iya kafa hujja a gaban kowa, kuma siyasar Arewa ta ci moriyar abin shekaru masu yawa.

Ba zan tsallake littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano ba, ko da yake na san akwai masu jin an ambace su su ɗaure fuska. Daga tsakiyar shekarun 1980, yayin da kamfanonin ɗab'i suka yi sanyi, matasa maza da mata suka shiga buga labaransu da kuɗin aljihunsu, aka sami In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa, da Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure, sai daga baya ta koma neman ilimi. Tare da su sana'ar hayar littafi ta bunƙasa: mai teburi a bakin kasuwa ko a lungu, a ba shi 'yan kuɗi kaɗan a tafi da littafi kwana ɗaya ko biyu, yara su kai wa matan aure a cikin gida, na ɗaya ya fita na biyu ya shigo. An zarge su da ɓata tarbiyya, har a 2007 aka ƙona wasu a Kano a bainar jama'a. Lalle a cikinsu akwai shirme, akwai ma abin da bai kamata a buga ba. Amma adalci ya wajabta a faɗi cewa mata da yawa da suka bar makaranta a aji uku ko huɗu, waɗanda da karatun nasu ya zube, a kan waɗannan littattafai suka riƙe shi har ya yi ƙarfi, kuma a cikinsu aka fara tattauna auren dole da kishi da sakin wulaƙanci daga bakin waɗanda abin yake ci. Wanda ya saba da juya warƙa saboda soyayya, ana iya miƙa masa tarihi gobe ya karɓa; wanda bai saba ba, ko me aka miƙa masa sai ya yi hamma.

Abin da yake damuna a yau ba ƙarancin masu iya karatu ba ne, gama ba a taɓa samun masu iya haɗa baƙi da yawa kamar yanzu ba. Damuwar ita ce karatu ya koma abin jarrabawa: ɗalibi ya haddace taƙaitaccen bayanin da malami ya raba, ya juye a takarda, ya fito ya manta, har a sami mai digiri wanda rabonsa da ya karanta littafi daga farko zuwa ƙarshe don kansa tun yana sakandare. Gidajen ajiyar littattafai suna nan, irin su Gidan Arewa a Kaduna, da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, da na Murtala Muhammad a Kano, da tarin rubuce-rubucen hannu da marigayi Bubu Hama ya assasa a Yamai, amma gini ba ya kiran mutum da sunansa. Wanda yake sa yaro ya buɗe littafi shi ne wani da yaron yake ganin girmansa, wanda zai ce masa wannan na karanta shi ina kamarka, ga inda ya ba ni dariya, je ka karanta ka zo mu yi magana.

Wayar hannu kuwa ta zo da alheri da kishiyarsa. Yanzu littafin da a da sai an yi tafiyar kwanaki kafin a gan shi yana isa Agadas ko Kumasi ko Kartum cikin ƙiftawar ido, marubuta mata suna sakin labaransu kashi-kashi ta WhatsApp da Wattpad, ana karanta wasu a rediyo da YouTube don wanda ido ko aiki bai bar shi ya duba ba, gasar Hikayata ta BBC Hausa kuma tun 2016 take fito da sababbin alƙaluma. Amma a nan akwai wata mas'ala da ya kamata a faɗe ta ba kunya. Wanda ya ara maka littafin takarda ya rabu da shi har ka dawo da shi. Wanda kuwa ya sayi littafin marubuciya da 'yan kuɗi kaɗan, ya watsa shi ga mutum ɗari biyar ba da izninta ba, bai rabu da kome ba, guminta ya yi kyauta da shi, wannan kuwa cin haƙƙi ne ko da an sa masa sunan son yaɗa ilimi. Ban da haka, tara littattafai dubu a waya ba karatu ba ne, sau da yawa ma yawan ne yake hana a karanta ko ɗaya.

Magabata ba su bar wannan babi ba ladubba ba. Alƙali Ibnu Jama'a, wanda ya rasu a 1333, ya keɓe fasali guda a littafinsa na ladubban malami da ɗalibi a kan mu'amala da littattafai, inda ya nuna cewa ba da aro abin so ne ga wanda ba zai cutar da littafin ba, kuma ya wajaba ga mai ara ya gode, kada ya riƙe shi fiye da bukata, kada ya yi rubutu a cikinsa ko ya ara wa wani sai da yardar mai shi. Rashin kiyaye waɗannan shi ya sa masu littattafai da yawa suka sa wa kabad ɗinsu kwaɗo, ba kuwa za a ga laifinsu ƙwarai ba, domin kowa yana da labarin juzu'i na biyu da ya tafi bai komo ba, ya bar na ɗaya da na uku marayu.

Saboda haka kirana ga mai karatu kashi biyu ne. In kana da littafin da ya taɓa canza maka tunani, ko na addini ne ko na tarihi ko ƙagaggen labari, kada ka bar shi ga gara da ƙura. Zaɓi yaro ko yarinya a gidanku ko unguwarku, ka rubuta sunanka a bango, ka yanka masa mako biyu, ranar da ya dawo da shi kuma ka zaunar da shi ka tambaye shi wane ne ya fi burge shi a ciki, kuma don me. In kuwa littafin wani ne yake kwance a ɗakinka tun bara, to, ka kakkaɓe shi ka mayar wa mai shi cikin makon nan, akwai mai jiransa.